Ɗakin Zanzaro a Cikin Ƙararrawa

Malumfashi, bazarar 1965

Lahadi, da hantsi

Littafin nan na jikana Isyaku ne. A ƙarƙashin katifarsa na zaro shi, rabi zanen waya kamar sawun kaji a jiƙaƙƙiyar ƙasa, rabi fari fat. Na ce to, tun da mai abu ba ya nan, bari tsohuwa ta ci gado da ran mai shi. Ai ba a banza na kashe zane a ajin yaƙi da jahilci ba. In ya dawo ya yi faɗa. Allah ya dawo da shi ya yi faɗan.

Jiya 'yan doka biyu suka yi sallama yana shan koko. Ɗayan ma ni na yanke masa cibi, shi ya sa ya kasa kallon idona, sai hularsa yake ta gyarawa. Isyaku ya ajiye ludayi ya ce, "Tsohuwa, rufe mini kokon nan, yanzu zan dawo."

Na ce, "Ka ji mijin banza. Kullum fita, ba cefane ba sallama. Ni fa na gaji da auren nan."

Ya yi dariya. Bilki matarsa ba ta yi ba. Tana tsaye a ƙofar ɗaki, ta tallafe cikinta da hannu biyu.

Abin da ya faru ranar Juma'a a siton audugar kamfani ba sai na rubuta ba. An ce har Gozaki an hango hayaƙin. Abu ɗaya zan rubuta: ƙararrawar gobarar da Isyaku ya haɗa da hannunsa ba ta yi kuka ba. Kuma akwai wanda bai fito ba.

Litinin, bayan azahar

Kokon yana nan a rufe. Ya yi tsami, ya fara kumfa. Bilki ta ce a ba akuya, na ce akuyar uban wa.

Talata, da safe

Tun asuba ƙararrawar nan ke yi mini yawo a ka.

Ranar da aka ba su kwangilar sito, shi da ubangidansa, tun kafin a fara tsinkar auduga, ya shigo gida yana tafiya kamar wanda aka yi wa naɗi. Ya zaunar da ni a tabarma, ya ɗauki tsinke yana zana mini a ƙasa. Ya ce, "Tsohuwa, ita wannan ba kamar fitila ba ce, ƙa'idarta daban. Wayarta ita kaɗai, ba a haɗa ta da ta kowa. A cikin bututun ƙarfe za ta bi, saboda ɓera da wuta. Kuma da batir nata na kanta, ko injin wuta ya mutu ita tana da rai."

Na ce, "Wato amarya ce. Ɗakinta daban, murhunta daban, tukunyarta daban. To ni da na tsufa a gidanka me ka ware mini?"

Ya ce, "Ke ai ƙararrawa ce da ba ta neman batir."

Ja'iri.

Da suka gama ya ja ni na je na gani. Ja ce wur, faɗinta kamar faifai, tana bangon waje a saman ƙofar sito. A ƙasa akwai ɗan jan akwati mai gilashi, in ka ga wuta sai ka fasa gilashin. Ya ce in matso in duba da kyau, ashe ya ƙyafta wa wani ido. Wallahi sai da goro ya faɗo daga bakina, ɗankwali ya bi shi. Leburori har da masu kwanciya a ƙasa don dariya. Inji na ta bugawa, fitilun sito a kunne da rana tsaka, ni kuma ina zaginsa ina jin daɗi.

Laraba, da la'asar

Mata sun fara shigowa jaje, kowace da nata karatun. Wata ta ce ai mai lasisi za a kama, yaro ba ruwansa. To ga shi yaron ne a ciki.

Bari in rubuta yadda na fahimta. Aikin wayar wuta ba kamar gini ba ne da kowa zai kwaɓa ƙasa ya ɗora. Sai mai lasisi, takardar gwamnati ce daga Kaduna. Alhaji Maiwada ɗan kwangila shi ke da ita, tana cikin gilashi a shagonsa kusa da hotonsa na Makka. An ce da can ya iya aikin sosai, amma yanzu tumbi ya raba shi da tsani. Shi ke sa hannu, Isyaku ke jan waya. Kuma Isyaku ba zai zauna jarrabawar nasa lasisin ba sai Alhaji ya shaida cewa a hannunsa ya koya. Bara ya ce baɗi. Bana ya ce a gama aikin sito tukuna.

Na sha ce wa yaron nan, "In ka samu takardar ita za ka aura ka sake ni, ko?" Sai ya ce, "Ke zan fara sa wa fitila a ɗaki, in ga tsufanki da kyau."

Tuwo ya yi saura yau ma.

Alhamis, da yamma

Na kai masa fura gidan waƙafi. Sun aske masa kai, kunnuwansa sun fito kamar mariƙin tukunya. Na faɗa masa haka. Bai rama ba. Ya matso jikin ƙarfen ƙofa ya yi ƙasa da murya.

"Tsohuwa, zanzaro ne."

"Wane zanzaro kuma?"

"Ya yi ɗakinsa na laka a cikin ƙararrawar, daidai bakin 'yar gudumar da ke bugawa. Tun wancan watan na gani da na hau dubawa. Har na ɗaga sukudireba zan kankare, sai na tuna Bilki."

Nan na tuna ni ma. Wata rana yana wanke hannu ya tambaye ni kamar da wasa, wai gaskiya ne in mai mata da ciki ya fasa ɗakin zanzaro cikin zubewa zai yi? Na ba shi amsar da kowace tsohuwa a garin nan za ta ba shi. Har da ƙarin gishiri, don in ga ya zare ido. Bilki ta yi ɓari biyu. Wannan ne ya zauna.

Ya ce, "Cewa na yi bari ta sauka lafiya sai in cire. Haka zan faɗa wa majistare."

Na ce, "Rufe mini baki, sakarai. Wa ya tambaye ka?"

"Gara in faɗa, Tsohuwa. Zanzaro ne. Shi ne ya riƙe gudumar."

Sau nawa ya maimaita, ban ƙirga ba. Yadda ya riƙe maganar nan kamar wanda ya faɗa rijiya ya samu igiyar guga.

Juma'a, da azahar

Shitu mai kula da injin wutar kamfani ya kashe inji, an tafi masallaci. Gari ya yi tsit. Duk zamana kusa da injin nan ban taɓa lura da shirunsa ba.

Asabar, bayan la'asar

Na je gidan Alhaji Maiwada. An bar ni a zaure har ƙafata ta yi sanyi. Da ya fito ya durƙusa rabin durƙuso, iyakar inda tumbin ya yarda.

"Gwaggo, da kanki? Ai da kin aiko."

"Wa zan aiko, Alhaji? Ɗan aiken nawa yana wajen 'yan doka. Na zo ganin mai takarda."

"Gwaggo, abin nan ya fi damuna a kan kowa. Ni takarda na sa wa hannu. Ai kin san ban hawa tsani."

"Na sani. Tsanin ma ya sani, yana godiya."

Ya yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba. Sai ya ce wai ya ji labarin zanzaro. Wai yaron ya tsaya a kan wannan kawai, kada ya yi ta yawo da baki. "Ƙwaro ne, Gwaggo, ikon Allah ne. Akwai alƙalin da ya taɓa ɗaure ƙwaro? Faɗa za a yi masa a sake shi. Yana fitowa ni kuma in sa masa hannu a takardarsa, ya tafi Kaduna jarrabawa."

Ya ba ni goro farare manya. Ban taɓa ganin mutum yana son zanzaro kamar Alhaji ba. Saura kaɗan ya ce a yanka masa rago.

Goron yana nan, ban ci ba.

Lahadi, bayan magariba

Yaran maƙwabta sun taru a tabarmata kamar kullum, wai a yi musu ga ta nan. Na ce ga ta nan ga ta nanku, suka ce ta zo mu ji ta. Na fara musu ta wata tsohuwa da ta sayi zakara don ya riƙa tashinta da asuba, ta ba shi ɗaki, ta ba shi tsaba, ran da ɓarawo ya shigo kuma zakara ya... Nan na tsaya. Suka ce, "Sai me, Kaka? Sai me?" Na ce sai gobe, zakaran ya tafi Juma'a. Suka yi dariya suka watse.

Litinin, da hantsi

Mati maigadin sito ya zo, hannun damansa a naɗe da tsumma. Bamaguje ne daga ƙauyukan bayan Gozaki, mun daɗe muna wasa da shi, kullum ina ce masa ya kawo mini burkutu in ɗanɗana kafin in mutu. Yau ban ce ba. Ya zauna a bakin zaure, na kawo masa ruwa.

Ya ce ranar Juma'a su ake barin wa sito, shi da Sabo, don su ba sa zuwa masallaci. Haka ake yi tun da aka gina wurin. Kowa ya yi alwala ya tafi, Shitu ya kashe inji ya bi su. Sabo lebure ne, ɗan ƙauyensu, tun safe yake ɗaukar diloli, sai ya ce bari ya ɗan miƙe a can ƙurya bayan auduga, inda babu zafi.

"Da na ga abin, Gwaggo, ya riga ya tare tsakiya. Na yi ta kiran sunansa. Wutar auduga tana da ƙara, ba a jin mutum. Sai na tuna akwatin. Ban tsaya neman dutse ba, da hannu na naushe shi."

Na ce, "Sai ta yi yaya?"

"Ba ta yi komai ba."

"Ko ɗan gurnani? Irin na wanda aka toshe wa baki?"

"Ko numfashi, Gwaggo. Na kafa kunne. Kamar na naushi bango."

Ya kalli hannunsa. Ya ce shi ya san da zanzaron, ya taɓa ganinsa yana shiga yana fita da laka, har ya gaya wa Alhaji bayan abin ya faru. Ya ce, "Amma ko akuya ka ɗaure wa baki ai za ka ji tana wani abu."

Na ƙara masa ruwa.

Talata, da safe

Na zubar da kokon. Ba akuya na ba ba, a gindin lalle na zuba.

Laraba, da azahar

Wata tsohuwa ta zo ta zauna a ƙofar gidanmu tun hantsi, ba sallama ba magana. Baƙin zane ɗaya a jikinta, ƙafa duk faso. Bilki ta leƙa ta dawo ta kira ni. Na fita. Ina ganin goshinta na san uwar wa ce.

Na ce, "Sannu da hanya."

Ta ce, "Sunana Uwa. An ce nan ne gidan mai ƙararrawa."

Na shirya wa zagi, na shirya wa tsinuwa, har na gyara tsayuwa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Na kawo mata ruwa da fura, ta sha ruwan. Ta ce irin dawar da Sabo zai shuka bana yana nan rataye a ɗaki, shi ya zaɓi zangarniyar da kansa. Ta ce ci-rani kawai ya zo, da ruwa ya sauka zai koma gona.

Can ta ce, "An ce Turawa sun rataya wani abu da ke tashin mai barci. Shi tun yana yaro nauyin barci gare shi, sai na yayyafa masa ruwa. Abin nan, in da ya yi kuka, zai tashe shi?"

Ni da na ji kukanta har goro ya faɗo daga bakina. Me zan ce? Na ce, "Allah ne masani."

Ta ce, "Ke ma kin sani." Ta tashi ta kama hanya.

Bakina da ba ya mutuwa, yau an binne shi.

Alhamis, da yamma

Sufeton wayar wuta ya zo daga Kaduna, Malam Abdussamad, siriri mai tabarau. Na je na tsaya daga nesa da sauran 'yan kallo. Ya hau tsani da kansa ya kwance ƙararrawar, don bangon waje bai faɗi ba. Ya leƙa cikinta, ya naɗe ta a buhu a hankali kamar jariri. Daga nan ya bi sawun wayar da ta ƙone yana tona toka da sanda. Na ji yana tambaya, "Ina bututun?" Can kuma, "Ina aka ajiye batir?" Mutanen kamfani suka kalli Alhaji, Alhaji ya kalli agogonsa.

Na biya gidan waƙafi. Na ce, "Isyaku, mutumin Kaduna yana neman batir. Ina ka kai tukunyar amarya?"

Ya ce furar yau ta yi tsami.

Juma'a, da azahar

Shitu ya kashe inji.

Asabar, da safe

Akwai wata yamma, ana cikin aikin sito, da yaron nan ya dawo bai ci tuwo ba. Na tsokane shi har na gaji, na ce ko wata ce ta ƙi shi a kasuwa. Cewa kawai ya yi sun yi magana da Alhaji, kuma kayan da aka ce za su zo daga Kano ba su zo ba. Washegari ya ɗauki jakarsa ya koma aiki.

Ban san abin da ya sa na rubuta wannan ba. Zanzaro ne. Yaron ya ce zanzaro ne.

Lahadi, bayan la'asar

Bilki ta ce ɗan yana ta motsi. Ta kama hannuna ta ɗora. Na ce wannan ɗan dambe ne, ubansa ma haka ya yi wa uwarsa, Allah ya jiƙanta. Ta yi murmushi, sai ta ce, "Kaka, ya gaya mini maganar zanzaron tun kafin a tafi da shi. Saboda ni ne mutumin ya..." Na ce in ta ƙarasa sai na fasa mata baki da muciya.

Ta ce, "Ɗakin yana nan dai? Ba su fasa ba?"

Na ce yana nan, a cikin buhu, an naɗe shi kamar ɗan sarki.

Jibi za a yi shari'a a Funtua.

Laraba, da hantsi

Jiya ban iya riƙe fensir ba. Yau zan rubuta duka, sau ɗaya, ba zan sake ba.

A bayan motar auduga muka tafi ni da Mati. Kotu ta cika. Alhaji a gaba cikin babbar riga, Uwa a can ƙarshe a ƙasa, ban san da wace ƙafa ta iso Funtua ba. Aka fito da Isyaku. Majistare yana magana, tafinta yana juyawa.

Yaron ya faɗi maganar zanzaro tiryan-tiryan, har da cikin Bilki. Wasu suka yi dariya, wasu tsofaffi suka gyaɗa kai don sun san abin. Alhaji ya fi kowa gyaɗawa. Majistare kansa ya sassauta fuska. Na ce a raina, to, ko Alhaji ya yi gaskiya, ba a ɗaure ƙwaro.

Sai Malam Abdussamad ya tashi ya kwance buhu. Ga ta ja wur, gefe ɗaya ya yi baƙi. Ya juya ta kowa ya gani: ɗakin laka kamar babban yatsa, a manne a bakin guduma, yadda yaron ya faɗa. Ya sa aka shigo da batir ɗin mota. Ya ɗauki waya biyu ya taɓa.

Wayyo Allah.

Tafinta ya watsar da takardunsa. Ɗan doka ya dafe hula. Ɗakin zanzaro kuwa bugun farko ya tarwatse, laka ta watsu a tebur har gaban majistare. Ta yi ta kuka kamar ranar da goro ya faɗo daga bakina, ko kaɗan muryarta ba ta dishe ba.

Na ce, "Alhamdu lillahi!" da ƙarfi, kowa ya ji. Ashe ba zanzaro ba ne. Ashe ba tambayar da ya yi mini yana wanke hannu ba ce. Na juya in yi wa yaron gwalo.

Sai na ga fuskarsa.

Sufeto ya cire waya. Ya ce, ba da faɗa ba, "Malam Isyaku, ƙararrawa lafiyarta lau. Wuta ce ba ta iso mata ba. Daga ina ka ɗauko mata wuta?"

"Daga layin fitilun sito."

"Ba ta da batir nata?"

"Babu."

"In an kashe inji fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka san ana kashe inji duk Juma'a?"

"Na sani."

"Ka san ƙa'idar aikin?"

"Na sani." Ni ma na sani. A ƙasa ya zana mini ita da tsinke.

"To me ya sa?"

Ya kalli Alhaji. Ya ce, "Cewa aka yi in haɗa haka kafin batir da bututu su iso daga Kano, don kamfani ya karɓi aiki. Na ce ba daidai ba ne. Aka ce in ina son a sa mini hannu bana, in yi abin da aka ce."

Alhaji ya miƙe, rigarsa na ta shan iska. Wai shi bai taɓa faɗin haka ba, wai yaro ne ya yi gaban kansa, wa ya ji, wa ya gani? Babu wanda ya ji. Su biyu ne a shago.

Majistare ya tambayi Isyaku ko yana da lasisi. Ya ce, "Bana zan zauna jarrabawa."

An karɓe takardar Alhaji zuwa wani lokaci, don ya sa hannu a aikin da bai duba ba. Shi kuma hannun da ya ja waya, ya san ƙa'ida ya take, har rai ya salwanta, damina biyu a gidan yari a Katsina. Kuma sunansa ba zai shiga cikin masu lasisi ba, ko bayan ya fito.

Da ana watsewa na tsuguna kamar ina gyara takalmi, na tsince gutsattsarin lakar da suka faɗo ƙasa, na ƙulle a bakin zane. Da na ɗago, Uwa tana tsaye a kaina. Ta ce, "Na ji kukanta. Da ya tashi." Ta juya ta fita.

Alhamis, da safe

Ba abin rubutawa.

Asabar, da la'asar

Na gaya wa Bilki hukuncin. Ɗaya maganar, ta fashewar ɗakin zanzaro, ban gaya mata ba, kuma na ja kunnen Mati. Da ta tafi bayan gida na shiga ɗakinta, na jiƙa gutsattsarin lakar da yawu, na manna su a bango bayan jeren kwanoninta, na daidaita da yatsa. Bai yi kama da ɗakin zanzaro ba. Ya yi kama da aikin tsohuwa. Allah dai ya duba niyya.

Litinin, da yamma

Gobe za a wuce da su Katsina. Na koma Funtua da dakakken ƙuli da fura. An ba mu ɗan lokaci a bakin ƙofa.

Na ce, "To, angona, ka samu yadda kake so. Ka gudu ka bar ni da amarya da goyo. In ka dawo ka tarar na yi wani auren kada ka ce ban faɗa maka ba. Mati ma ya fara zuwa zance."

Na jira. Wannan yaron tun yana da haƙori biyu bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba.

Ya ce, "Alhaji ya buɗe shago?"

"Ya buɗe. Ƙaninsa ma ashe yana da takarda a Zariya, ita aka rataya a gurbin waccan."

Ya gyaɗa kai. Ya ce in sayar da filaya da sauran kayan jakarsa, in saya wa Bilki abin wanka. Na ce ba zan sayar ba. Ya ce, "Me zan yi da su?"

Ɗan doka ya ce lokaci ya yi. Har ya juya, sai ya dawo ya kama ƙarfen ƙofa.

"Tsohuwa."

"Na'am, mijin banza."

"Da ma zanzaron ne."

Laraba, da hantsi

Ruwan farko ya sauka jiya. Kowa ya fita shuka. Ina ta tunanin zangarniyar dawar nan da ke rataye a wani ɗaki a bayan Gozaki.

Juma'a, da azahar

Kwana biyun nan wasu mutane daga Zariya suna aiki a ɗaya siton kamfani, wanda bai ƙone ba. Shi ma Isyaku ya haɗa ƙararrawarsa. Mati ya ce sun cire wayarsa duka sun nannaɗe sun jefar a bayan katanga. Sun kawo bututun ƙarfe, sun kawo batir a akwatinsa. Ashe kayan suna zuwa daga Kano in an so su zo.

Yau aka ce za a gwada.

Ina zaune ina tsince shinkafa, Bilki na kwance a tabarma. Aka yi kiran salla. Na ji Shitu ya kashe inji. Gari ya yi tsit.

Sai ƙararrawar ta ɗauka.

Har cikin ɗakin nan. Kaji suka watse, Bilki ta zabura ta dafe ciki ta ce ɗan ya harba. Ɗakinta daban, murhunta daban, tukunyarta daban, kamar yadda wani yaro ya zana mini a ƙasa da tsinke. Ba inji, ba fitila, tana ta kuka. Mai barci ko a bayan dila dubu yake sai ya tashi.

Bilki ta toshe kunne ta ce, "Kaka, ba za su kashe ta ba?"

Ni ban toshe nawa ba. Na ajiye faifai na saurara har ta gama.